Fayil Goma Sha Ɗaya, Kowanne Na Ƙarshe

Sunansa na gaskiya yana nan lafiya lau a katin shaidarsa, amma a bakin jama'a ya daɗe da rasuwa. Kowa Nasanshi yake ce masa, har matarsa idan ya kai ta bango. Dalili kuwa, ba a taɓa fara zance a gabansa an kai ƙarshe ba. Ka ce an ƙera wani sabon inji, ya ce, "Na san shi." Ka ce likitoci sun gano wani magani, ya ce, "Na san shi." Akwai ranar da maƙwabcin shagonsa, mai gyaran waya, ya ce, "Jiya na yi wani mafarki," kafin ya haɗiye yawu gogan ya ce, "Na san shi." Daga ranar sunan ya zauna daram.

A faɗi gaskiya, mutumin ya iya rubuta manhaja daidai gwargwado. Shagonsa ɗan tsukuku ne: tebur ɗaya, kujera biyu, fanka mai kukan wahala, da kwamfutar da rabin haruffanta suka goge saboda dannawa. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ajiye aiki. Duk sanda ya yi gyara, sai ya kwafe fayil ɗin gaba ɗaya ya laƙaba masa sabon suna. Na farko "aiki", na biyu "aiki sabo", daga nan sai "na ƙarshe", sai kuma 'yan'uwansa. Ya zuba su duka a filash, 'yar na'urar ajiye fayiloli da yake ratayawa a wuya kamar usur ɗin alƙalin wasa.

Akwai wani zaure a intanet inda masu rubuta manhaja wajen ɗari huɗu ke taruwa, wannan ya yi tambaya, wancan ya ba da amsa. Shugabar zauren mace ce mai sanyin baki, kuma doka ɗaya ta kafa: ba a yi wa mai tambaya dariya. Wata Litinin da safe ta rubuta cewa akwai wani kayan aiki da ya kamata kowa ya koya, su a zauren Rumbu suke ce masa. Yana riƙe kowane gyara da ka yi, da ranar da ka yi shi, da dalilinka. In ka ɓata aiki, ka koma baya cikin ƙiftawar ido, ba sai ka tara fayiloli kamar tsummokara ba. Ta ce ranar Lahadi za ta koyar da shi kyauta.

Nasanshi ya gyara zama, ya kunna manyan haruffa, don shi bai yarda ana jin magana da ƙananan haruffa ba.

"NA SAN SHI. KAYAN RAGWAYE NE. NI KAINA NE RUMBUNA. SHEKARA TARA INA AIKI KO WAƘAFI BAI TAƁA ƁACE MINI BA."

A zauren akwai wani dattijo, tsohon direban jirgin ƙasa da ya yi ritaya ya kama koyon manhaja yana ɗan shekara sittin da biyar. Baba Direba ake ce masa. Shi ne ya rubuto, "'Ya'yana, ku yi haƙuri da tsoho. Rumbun nan sauke shi ake yi a kwamfuta, ko a intanet yake zaune?"

"BABA, KA KOMA KA JA JIRGINKA," in ji Nasanshi. "WANNAN LAYIN BA NAKA BA NE."

Shugabar zaure ta ce, "Malam, a nan ba ma yin haka. Wannan gargaɗi ne na farko."

Baba Direba kuwa cewa ya yi, "Ba komai, ɗana. Jirgin ma sai da na yi ta tambaya sannan na iya."

Nasanshi ya yi tsaki ya rufe wayar, yana jin ya ci yaƙi.

A yammacin ranar ne aiki ya faɗo masa daga sama. Surukarsa tana da makarantar firamare, ɗalibai ɗari uku da 'yan kai, kuma ranar Asabar za a yi taron ba da kyaututtuka. Bana tana so a daina karanta sakamako daga takarda, a haska shi a babban allo, kowane aji daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, iyaye su gani da idonsu. Har ta fara neman wanda zai yi, sai 'yarta, matar Nasanshi, ta ce, "Mama, ga surukinki a gida, kike neman na waje?"

Mama ta kalle ta ta saman tabarau. "Wanne? Wanda ya gyara mini agogon bango ya bar shi yana tafiya da baya?"

"Wannan fanninsa ne, Mama. Ni na tsaya masa. In ya ba ki kunya, ni na ba ki."

Da suka koma gida matar ta zaunar da shi. "Ka saurare ni da kyau. Shekara shida ina gaya wa Mama na auri mai ilimi, tana cewa to. Wannan to ɗin nata ya ishe ni. Ranar Asabar nake so ta haɗiye shi a gaban jama'a. Don Allah, ka yi abu mai sauƙi wanda yake aiki, kar ka yi mana gwaninta."

"Na san..."

"Kar ka ƙarasa."

Washegari kafin ya taɓa aikin sai da ya shiga zaure. "RANAR ASABAR ƘARFE GOMA ZAN HASKA MUKU KAI TSAYE YADDA MAZA KE AIKI BA RUMBU BA ƊAN RUMBU. KOWA YA ZO DA BIRO DA TAKARDA." Mutum arba'in suka ce za su kalla. Baba Direba ya ce, "Allah ya ba da sa'a, ɗana."

Ranar Talata aiki ya tafi sumul. Kafin rana ta faɗi manhajar tana tara maki, tana jera yara, tana fitar da na ɗaya ba kuskure. Da a nan ya tsaya, da babu labari. Amma ina! Ranar Laraba ya tashi da tunanin cewa suna ya fito haka kawai ba armashi. Ya sa taurari su riƙa zubowa. Ya sa sunan na ɗaya ya shigo yana juyi. Ya ƙara kiɗa. Duk gyara ɗaya, sabon fayil. Da ya gwada da rana, taurari sun zubo, kiɗa ya tashi, amma wata yarinya 'yar aji biyu ta ci maki dubu huɗu a lissafi.

Mai gyaran waya ya leƙo. "Lafiya, maƙwabci? Na ji kana yi wa kwamfuta magana da ƙarfi."

"Hira muke."

"Hira ce har da 'Allah ya isa'?" Ya matso ya leƙa allon. "Dubu huɗu! Yarinyar nan ku ba ta makarantar kawai, ita ta dace ta riƙe ta."

"Kai da ba ka wuce canza gilashin waya ba, me ka sani a nan?"

"Na san in na kwance waya ina jera kusoshinta a kan farin ƙyalle, in san wanne ya fito daga ina. Kai ina ka jera naka? Ka koma kan na jiya mana."

Ai nan ake yin ta. Wanne ne na jiya? Ya buɗe "na ƙarshe", ashe ya taɓa shi da safe. Ya buɗe "na ƙarshe na biyu", lissafi daidai amma aji huɗu ya ɓace ɗungurungum. Ya ɗebo rabin wannan ya liƙa a wancan, ya sa wa abin da ya fito suna "na ƙarshe na gaske". Wannan kuma da ya buɗe, ko motsi bai yi ba.

Ranar Alhamis gumi ya fara yi masa yawa. Ya san a zaure akwai waɗanda za su gano matsalar cikin minti biyar, amma da wane baki? Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zuwa wa mutum idan hankali ya tafi hutu. Ya buɗe sabon shafi da suna Sabon Shiga, ya rubuta da ƙananan haruffa, har da kuskure biyu da gangan: "salam yan uwa dan allah ina koyo ne, makina yana ninkuwa idan na tara, me ya sa."

Don kada a zarge shi, ya koma shafinsa na gaskiya ya ba kansa amsa: "TAMBAYAR BANZA. JE KA KARANTA LITTAFI."

Zaure ya yi masa ca. Shugaba ta ce, "Gargaɗi na biyu, Malam." Mutum shida suka rarrashi Sabon Shiga, suka ce kada ya karaya, kowa da haka ya fara. Wata ta nuna masa inda irin wannan kuskure ke ɓuya. Baba Direba ya rubuta masa bayani layi-layi, ya ce shi ma makon jiya ya faɗa ramin nan. Nasanshi ya gwada, maki ya daina ninkuwa. Daɗi ya kama shi, ya rubuta da sauri, "na gode baba, allah ya ƙara girma, ya yi aiki."

Ya aika. Sannan ya duba sunan da ke saman saƙon.

Nasanshi.

Sai wani ya turo fuskar dariya guda ɗaya, shugaba ta goge ta nan take ta ce, "Dokar ta shafi kowa. Ba a yi wa mai tambaya dariya, ko da da suna biyu ya zo." Wannan ladabin ya fi yi masa zafi a kan a zage shi.

"GWADA KU NAKE YI," ya rubuta. "KUN CI RABI."

Baba Direba ya ce, "To madalla. In akwai sauran jarrabawa ka kawo, ɗana, muna nan."

Ranar Juma'a ya wuni yana dambe da aiki, har ya kai ga wani fayil da komai nasa ya yi daidai. Ya sa masa suna. Sai ya ga taurarin sun yi ƙanana, ya ɗan taɓa, ya sake suna. Sai ya ga launin bai yi ba. Da matarsa ta tambaye shi da yamma ko an gama, ya buga filash ɗin wuyansa ya ce, "Komai yana nan. Ki gaya wa Mama ta zo da hankici, za ta yi kukan daɗi."

Asabar ta yi, ɗakin taro ya cika maƙil. Iyaye a kujeru, yara a gaba cikin kayan makaranta, malamai a gefe, Mama a babban tebur da kyaututtuka jere a gabanta. Matarsa tana layin farko ta sha kwalliya. Nasanshi ya sa kwat a wannan zafin, ya miƙa wa mai gyaran waya wayarsa ya ce, "Riƙe da kyau, ka haska wa 'yan zaure. Ka tabbata fuskata tana fitowa."

Ya karɓi makirufo ya yi jawabin minti goma a kan bambancin gwani da ɗan koyo. Sannan ya ciro filash ya soka, ya haɗa kwamfuta da majigi. Abin da ya manta shi ne, duk abin da yake gani, ɗakin taro ma yana gani. Jerin fayiloli ya fito ɓaro-ɓaro a babban allo, kowane harafi ya kai tafin hannu:

aiki
aiki sabo
na ƙarshe
na ƙarshe na biyu
na ƙarshe na gaske
na ƙarshe wallahi
wannan ne
kar a taɓa
gyaran Alhamis
a buɗe wannan
a buɗe wannan ba wancan ba

Ya tsaya yana kallonsu, suna kallonsa. Rumbun da ke kansa ya buɗe ƙofa, ba kowa a ciki.

Wani uba daga baya ya ɗaga murya, "Malam, buɗe mai wallahin nan, ai ba a rantsuwa a banza!"

Ya buɗe mai wallahi. Kiɗa ya tashi, taurari suka zubo, sunan na ɗaya a aji shida ya shigo yana juyi. Wani ƙaton mutum ya zabura daga kujera yana ihu, "Ɗana ne! Ɗana ne! Na faɗa muku yaron nan ɓoye kansa yake yi!" Ya rungumi na kusa da shi, ya rungumi wanda bai sani ba. Yaron kansa yana zaune baki buɗe. Malamin ajin ya lallaɓo ya raɗa wa Mama cewa jerin a kife yake, wannan yaron shi ne na talatin da takwas cikin talatin da takwas. Sai da malamai uku suka taru kafin uban ya yarda ya zauna, kuma ya zauna ne yana cewa shi abin da ya gani a allo da shi zai tafi gida.

"Ɗumama injin muke yi," in ji Nasanshi a makirufo. Gumi ya jiƙa kwat har aljihu.

Yanzu ɗakin ya rabu biyu. Iyaye mata suna cewa a buɗe "wannan ne". Iyaye maza suna bayan "a buɗe wannan ba wancan ba". Yara kuwa suna tafi suna rera "na gaske, na gaske!" Ya bi mata, duk makarantar ta ci hamsin-hamsin, kowa ya zo na ɗaya. Ya bi maza, taurari suka cika allon har ba a ganin suna ko ɗaya, kiɗan kuma ya ƙi tsayawa sai da aka zare waya daga lasifika.

Mama ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta buƙata. "Buɗe wancan da ka ce kar a taɓa. Mutum ba ya hana taɓa abu sai mai kyau."

Wani abu ya ɗarsu a ransa, can nesa. "Mama, wannan ɗin..."

"Buɗe."

Ya buɗe. Ashe fayil ɗin gwaji ne da ya yi ranar Talata da safe, kafin malamai su kawo makin yara. Da yake yana buƙatar sunaye da darussa don ya ga ko manhaja tana lissafi, sai ya ƙirƙiro nasa daga mutanen da ya sani. Kuma wannan fayil ɗin, Allah da ikonsa, ba abin da ya same shi. Ya fito tsaf, haruffa manya, lissafi daidai:

Mai gyaran waya: gulma 95, sana'a 30.
Baba Direba: tsufa 99, fahimta 4.
Shugabar zaure: iyayi 88.
Surukata: surutu 100, faɗa 100, haƙuri 0.

Sai sunan wadda ta zo ta ɗaya ya shigo yana juyi cikin taurari: SURUKATA.

Sai wata malama ta kasa riƙewa ta fashe da dariya, daga nan kuma ba mai iya tsayar da kowa. Mai gyaran waya ya matso da wayar kusa da allon yana cewa, "'Yan zaure, kuna gani? Talatin ya ba ni! Ni da na gyara masa waya sau bakwai!"

Nasanshi ya kai hannu zai zare filash, igiyar ta sarƙe da maɓallin kwat, ya ja, kwamfuta ta biyo shi, ya tare ta da gwiwa. Da ya ɗago, idonsa ya faɗa kan matarsa. Ita kaɗai ce ba ta dariya. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta, kuma a nan ne abin ya soke shi da gaske, don ya tuna wadda ta ce in ya ba da kunya ita ta bayar.

Mai gyaran waya ya dafa shi. "Maƙwabci, mutanenka suna magana." Ya miƙa masa wayar.

Ya ɗauka zagi zai tarar. Saƙon Baba Direba ne a sama: "Ɗana, kar ka ruɗe. Yara suna jiran kyautarsu. Tura wa shugaba fayilolin duka, mu duba tare. Huɗun da ka ba ni a fahimta zan kawo, a haɗa da na sauran."

Ya rubuta, da ƙananan haruffa, kuma da sunansa: "don allah ku taimake ni. ban san wanne ba ne."

Mama ta sa yara su yi waƙa. Kafin su gama ta uku, shugabar zaure ta zuba fayil goma sha ɗayan nan a Rumbu, ya jera mata bambancinsu layi-layi. Ashe lissafi mai kyau yana cikin "gyaran Alhamis", cikakken jerin yara kuma yana cikin "a buɗe wannan", wanda duk ɗakin ba wanda ya zaɓa. Ta haɗa su, ta cire taurari da kiɗa, ta turo fayil ɗaya tal. Sunaye suka fito baƙi a kan fari, ba juyi ba rawa, kowane yaro a gurbinsa. Aka raba kyaututtuka, aka yi tafi, har ƙaton uban nan ya tafa, ko da yake a hankali.

Da jama'a suka watse, Nasanshi ya fara naɗe wayoyi da sauri yana satar kallon ƙofa. Matarsa ta zo ta tsaya a kansa.

"Ni ban ga sunana a jerin ba."

"Ai ke ba a gwaji da ke."

"Da ka sa. Zaɓen miji, sifili." Amma ta karɓi kwat ɗin da ya jiƙe ta riƙe masa.

Ya rataya jaka zai sulale ta ƙofar gefe, sai ya ji an ce, "Surukina."

Mama ce. Ta sa an bar kujera biyu a tsakiyar ɗakin, suna kallon juna. Ta zauna a ɗaya, ta cire tabarau ta goge, ta ajiye gorar ruwa cikakkiya a gefenta.

"Shekara talatin ina koyarwa," ta ce, "ban taɓa yarda a ba wa ɗalibi makin da bai yi wa aiki ba. Ka ba ni ɗari bisa ɗari a surutu a gaban iyayen yarana. To zauna, yanzu zan rubuta jarrabawar."

Ya zauna. Matarsa ta jawo kujera ta uku.